Baƙar 'Yar Akuya

Ina da shekara tara jar akuyarmu ta haihu a Jiratawa, bayan la'asar. 'Yar ta fito baƙa ƙirin. Uwar ja ce, bunsurunmu ma ja, irin na Maradi da Baba ba ya yarda a gauraya. Ni ce mai ɗaure uwar, kuma akwai ranar da na yi sakaci ta kwance ta shiga unguwa. Har ranar nan ban taɓa faɗa wa kowa ba.

Na durƙusa gaban Baba ina kuka na faɗa masa. Baba ya goge 'yar da tsumma, ya daɗe yana dubanta, sannan ya ce, "Tashi, uwata, ba ke ba ce. Kakar akuyar nan baƙa ce. Abin yana kwance cikin jini, ba ya shawara da kowa ranar fitowarsa."

Yanzu ɗana yana fama da amosanin jini, alhali ni da babansa lafiyarmu lau. Likita ta ce kowace ƙwayar jikinsa tana kwafar wani rubutu, rabi daga gare ni, rabi daga babansa. Na gane. Amma duk sa'ad da ciwon ya tashi, sai in zauna bakin gadonsa ina laluben inda na yi kuskure. Baba kuwa ya rasu, babu mai ce mini in tashi.