Loma ta Uku

Loma uku Darwesh ya yi, ya ture farantin.

Zuciyar Zarghun ta tafasa. Shekara tara gidajensu na kashe juna a kan gona, sai yau dattawa suka sasanta su, shi kuma ya yanka raguna biyu. Kowa ya sani, wanda ya ture abincin sulhu, sulhun ya ture.

"Kai da kake tashi da cinyar rago kai kaɗai?" Zarghun ya daka masa tsawa. "Don ka zubar da teɓa sai ka fi ƙarfin abincina? Ko guba na zuba maka?"

"Ɗan'uwa, tsaya in nuna maka." Darwesh ya cusa hannu ƙarƙashin rigarsa.

Zarghun bai tsaya ba. Ya sakar masa harsashi biyu a ƙirji. Jini ya fantsama kan shinkafa, dattawa suka watse suna salati.

Zarghun ya durƙusa ya yaye rigar Darwesh, yana neman bindigar da zai nuna wa jama'a. Babu bindiga. Sai fata a sake, da ƙananan tabon tiyata biyar a kan cikinsa.

Mutum uku suka rirriƙe Gulab, ƙanin mamacin, yana fizge-fizge yana ihu.

"Wata uku ke nan da aka rage masa tumbi a asibitin Peshawar saboda ƙiba! Loma biyu yake iya ci, in ya ƙara sai amai."

Sai ya dubi Zarghun.

"Ta ukun nan, don kai ya haɗiye ta."