Zuƙa Uku

Farfesa ya buɗe gwangwaninsa, ya ɗebi ganye da yatsu biyu, ya kai hanci, ya lumshe ido. A bayan shagonsa na gyaran firji, abokansa uku sun zuba masa ido kamar ɗalibai.

Ba a banza suka laƙaba masa sunan ba. Shekara goma sha biyar yana shan wiwi, kuma a cewarsa hancinsa ya fi kowane ma'auni. Da ya sunsuna zai gaya maka zuƙa nawa za ta ɗaga ka, nawa za ta kayar da kai. Ta watannin nan kuwa, ya rantse bai taɓa gamuwa da mai ƙarfinta ba, don haka ko ɗanɗano ba ya ba kowa, wai ba ta yara ba ce. Shi kansa zuƙa uku yake yi ya kashe, ya mayar da gwangwanin aljihun rigar aikinsa, wadda ke kwana rataye a bayan ƙofa a gida. Shi ya sa, in ji shi, yake tashi garau da safe, har matarsa ta daina yi masa faɗa. Komai ɗan awo ne.

Kwatsam sai ga kira daga wani kamfanin sanyaya kaya da ya daɗe yana neman aiki a wurinsu. An ɗauke shi, saura gwajin fitsari jibi.

Nan ilimi ya zame masa kaya. Shi da bakinsa ya sha koya wa mutane cewa mai sha kullum sai ya yi wata guda kafin jikinsa ya wanke. Ya ɗirki ruwa har cikinsa na ƙugi, ya zaga unguwa a guje yana zufa. Tsoro ya kama shi sosai, don aikin nan ne zai fitar da su daga ɗaki ɗaya, ga matarsa da cikin wata bakwai. Ya same ta tana guga ya faɗa mata gaskiya. Ko kai ba ta ɗaga ba, ta ce ya je kawai, rabon kwaɗo ba ya hawa sama, ta miƙa masa farar riga.

A asibiti ya ba da fitsari ya zauna jira, har ma'aikaciyar jinya ta fito da takarda ta ce ba a ga komai ba.

Kafin ya isa gida ya gama haɗa bayani: awo ne ya cece shi, zuƙa uku ba ta zama a jiki. Ya shigo baki har kunne, ya zayyana wa matarsa wannan sabon ilimi dalla-dalla, yana ƙirga hujjoji da yatsu.

Ta bar shi ya kai aya, ta zuba masa shayi.

"Sannu da ƙoƙari, Farfesa," ta ce. "Amma wata huɗu ke nan busasshen latas kake sha, ni nake cika maka gwangwanin."