Takardar Manaja

Manajan kamfanin ƙera motoci ya shigo ɗakin asibitin, ko sannu bai ce ba. Ya jefa takarda a cinyar ma'aikacinsa da injin matse ƙarfe ya raunata.

"Dangwala yatsa a nan, ka amince sakacinka ne."

Matar majinyacin ta miƙe tana huci. "Sakaci? Wa ya sa aka cire murfin kariyar injin don aiki ya yi sauri? Ba kai ba ne, azzalumi?"

"Malama, ba da ke nake ba."

Majinyacin ya zaro hannayensa daga cikin mayafi. Dungulmi biyu ne, naɗe da bandeji.

"Yallaɓai, yatsun suna cikin injinka. Je ka ɗebo su, ka dangwala da kanka."