Keken Harun a Girka

Wata goma ke nan Baraka tana aikatau a wata unguwar Larabawa mai suna Dokki, mijinta Harun kuma ya tafi Girka. Duk wata sai ya turo hoto ta Facebook, yana kan wani tsohon keke a gaban ginshiƙan rusassun wuraren bauta. Kira kuwa babu. Har ta daina mayar da amsar hotunan, tana cewa yawo ya fi masa ita.

Ranar Talata ta shiga wani shago ɗaukar hoton fasfo. Tana ɗaga labule ta ga keken. Ginshiƙan kuma zane ne a bango.

"Keken kakana ne," in ji tsohon mai shagon. "Da shi ya zaga Girka shekara ɗari da suka wuce."

Ta nuna masa wayarta. Ya duba hoton Harun.

"Ma'alish, yi haƙuri, 'yata. Hoto goma sha biyu ya ɗauka rana guda, yana canza riga. Ya ce in riƙa turo miki ɗai-ɗai ta shafinsa, har ya kira ni idan jirginsu ya tsallake teku."

"Ya kira?"

Tsohon ya sunkuyar da kai. "Saura hoto biyu."