Teburin Marasa 'Ya'ya

"Yara nawa, Alhaji?" ma'aikaciyar kamfanin tafiye-tafiye ta tambaya, tana cike musu takardar jirgin ruwan shaƙatawa.

Alhaji Babaji ya ji labarin marasa 'ya'ya teburinsu daban ne, ba kuka, ba ɓarin miya. Shi kuwa tara ya baro a Ƙofar Kaura, burinsa ya ci abinci lafiya ko na sati guda.

Ya marairaice fuska. "Allah bai kawo ba tukuna."

Matarsa Mairo ta taɓo shi. "Abban Umair, miƙa mata fasfo."

Alhaji ya harare ta.

"Ba komai, Alhaji," in ji ma'aikaciyar. "Ai teburin ya cika tun jiya. Yayanka mai yara goma sha huɗu ne ya kama kujerun ƙarshe. Shi har hawaye ya yi."