A Hannun Ɗansa

Alƙali na cikin karanta tuhumar sayar da sakamakon jarrabawa, tsohon daraktan ilimi ya dafe ƙirji ya zube. Matarsa ta bi motar asibiti da takalmansa a hannu, tana salati.

A ɗakin tiyata, wani matashin likita ya sunkuyo kansa yana murmushi.

"Baba, kwantar da hankalinka, kana hannun ɗanka. Shekarar da na faɗi warwas, kai ka gyara mini sakamakona. Ba don kai ba, da ko ƙofar makarantar likitanci ban gani ba."

Darakta ya yunƙura zai kira matarsa, amma allurar barci ta riga ta kama harshensa. Yana kallo likitan ya miƙa hannu, aka ɗora masa wuƙa.