Abin da Kwamfutar Shafi'u Ke Saukewa

Kibiyar ta tsaya cak a tsakiyar allo, ɗan zoben nan yana ta juyawa. Zubaida ta sake ba mutumin da ya zo a buga masa katin bikin suna haƙuri. Ya duba agogo, ya naɗe takardarsa ya fice.

Tun da ƙanenta ya ɗora wa kwamfutar sabon tsari ta yi wannan nauyi. Kafin shafi ɗaya ya buɗe, shayi ya huce. Datar da ke kai ta wata, yanzu ba ta kai mako.

Da wannan kwamfuta take ciyar da 'ya'yanta a Rabah, tun da aka tsinci babur ɗin mijinta Shafi'u a ƙone a hanyar Gandi. 'Yan bindiga ne suka aiko cewa ya mutu a hannunsu. Aka yi zaman makoki, ta yi takaba, ta buɗe shagonsa na buga takardu. Har yau masu zuwa suna yabon son jama'arsa. Ya san wanda ya sayar da shanu, ya san wanda ɗansa ya dawo daga Kudu.

Bayan an tashi makaranta Malam Andrawus ya zo, maƙwabcinsu mai koyar da kwamfuta. Ya buɗe akwatin ya hure fankar. Ya kashe manhajojin da ke tashi da kansu, ya nemi bairos bai samu ba. Nauyin na nan. Can sai ya tsura wa wata 'yar alama ido a ƙasan allon.

"Mi ka gani, Malam?" in ji Zubaida.

"Sabon tsarin ya sake haɗa ta da ma'ajiyar maigidan ta intanet. Hotuna take saukewa. Duk abin da wayarshi ta ɗauka, nan yake tahowa."

Wayar tana wurin waɗanda suka kashe shi.

"In rufe, Maman Salima? Ba dole ba ne ki gani."

"Buɗe. Ina son ganin fuskar wanda ya maida ɗiyana marayu."

Na farko-farko ta san su: Salima tana rarrafe, Shafi'u a bakin shago ranar sallah. Daga nan daji ya fara. Babura a jere ƙarƙashin itace, shanu cike da kwari, mutane da rawani har hanci. Malam Andrawus ya rage sauri. Da ya kai na ƙarshe, wanda aka ɗauka Juma'ar da ta wuce, sai ya janye hannunsa ya kau da kai.

Zubaida ta matso. A tsakiyar mutanen, da bindiga a kan cinya, Shafi'u ne zaune, ya yi ƙiba, yana dariya.